Yadda muka bi haƙƙinmu har kotu bayan an yaudare mu da takardar gayyata a Zariya

A watan Oktoban 2023 wata takardar gayyata ta shigo zauren WhatsApp na unguwarmu, bayan kwana biyu kuma aka raba irinta a ƙofar masallaci bayan sallar Juma'a. An rubuta da manyan baƙaƙe cewa za a ba matasa horo kyauta kan haɗa wutar sola, a ba su akwatin kayan aiki, sannan a haɗa su da wuraren aiki. A saman takardar akwai wasu tambura guda biyu da duk wanda ya kalla zai ɗauka na gwamnati ne ko na wata ƙungiyar ƙasar waje. Ni kuwa lokacin ina ɗan taɓa aikin wayarin a ƙarƙashin wani maigida a Tudun Wada, an cire tallafin mai, kuɗin man janareta ya gagari mutane, kowa maganar sola yake yi. Ban yi wata-wata ba ranar Asabar na hau keke zuwa ɗakin taron da aka ambata a Sabon Gari.

Mun kusa cika ɗakin. Mai cibiyar da ta shirya horon ya tashi da lasifika ya ce horon kyauta ne kamar yadda aka rubuta, amma duk mai son akwatin kayan aiki zai ajiye naira 95,000 a matsayin kuɗin riƙe gurbi. Ya buɗe akwati ɗaya a kan tebur, muka ga na'urar huda bango, da mitar awon wuta, da fulayoyi, da sukundirebobi, da bel ɗin hawa rufi. Ya ce cikin mako takwas da gama horo kowa zai karɓi irinsa, in kuma ba a kawo ba, za a mayar wa kowa kuɗinsa ba tare da an cire ko sisi ba. Na koma gida na faɗa wa Inna. Ta yi shiru, sannan ta ce, "In dai sana'a ce ɗan nan, je ka kai tunkiyar nan kasuwa." Da kuɗin tunkiyar da kwasar adashinta na wannan watan aka haɗa. Na tura kuɗin daga asusuna kai tsaye zuwa asusun da ya bayar, aka ba ni rasit. Ban karanta abin da ke ƙasan rasit ɗin ba, kamar yadda ban karanta ƙananan rubutun ƙasan takardar gayyatar ba.

Gaskiya an yi horon, mako uku a watan Nuwamba, kuma na ƙaru da wasu abubuwa kan lissafin batir da inbata. Mako takwas suka cika a Janairun 2024 ba akwati. Da Fabrairu ta kama dala ta haura naira 1,500, sai ya samu abin fakewa, kullum maganarsa kaya sun maƙale a Legas, farashi ya ninka. Muka yi ta jin gafara sa ba mu ga ƙaho ba. Da ƙorafi ya yi yawa sai ya kulle zauren WhatsApp na ɗalibai yadda shi kaɗai ke iya magana, ya goge tsofaffin saƙonninsa. Allah ya taimake mu wata baiwar Allah a cikinmu, wadda ke koyarwa a wata Islamiyya a Hanwa, ta riga ta ɗauki hoton saƙonnin, kuma tun ranar taron farko ta naɗi muryarsa a waya don ta kai wa mijinta ya ji kafin ya ba ta kuɗin.

Muka bari azumi ya wuce. Bayan ƙaramar sallah, a watan Afrilu, mu 17 daga cikin mu 41 da suka biya muka kai kuka wurin mai unguwar da mutumin yake zaune. Mai unguwa ya karɓe mu da mutunci, ya aika aka kira shi. A zauren, a gaban mai unguwa da ladanin masallacin unguwar da wasu dattawa biyu, ya amsa da bakinsa cewa ya yi alkawarin mayar da kuɗi, ya roƙi wata ɗaya. Muka ce mun yarda, aka shafa fatiha aka watse. Babu wanda ya ce a rubuta a sa hannu, kuma wannan sakacin ya ja mana watanni. Wata ya cika, ya daina ɗaukar waya, ofishin ma ya rufe.

Daga nan muka nufi caji ofis, don a tunaninmu da an kama shi kuɗi za su fito. Kwana biyu muka yi muna jeka-ka-dawo. Aka rubuta jawabinmu a kanta, muka haɗa kuɗin mai aka je aka taho da shi, ya zo da rasit da hotunan horon da rajistar sunayen waɗanda suka halarta. Jami'in da ke binciken ya ja mu gefe ya ce mana, tunda an yi horo kuma akwai rasit, wannan ya fi kama da saɓa yarjejeniya, kuma dokar 'yan sanda ta 2020 a sashe na 32 ta hana a kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniya kawai. Na ce, "Yallaɓai, to ba damfara ba ce wannan?" Ya ce damfara sai an nuna tun farko mutum bai da niyyar cikawa, kuma ko an gurfanar da shi a kan haka, hukunta shi daban, dawo da kuɗinmu daban. Ranar na fita raina a ɓace, ina ganin an yi mana rufa-rufa. Daga baya na gane a wannan gaɓar dai gaskiya ya faɗa mana. Mutum biyar suka janye tun a ƙofar caji ofis, suka ce sun bar wa Allah.

Yayana ne ya haɗa ni da wani abokinsa lauya da ke zaune kusa da Kongo, inda tsangayar koyon shari'a ta Jami'ar Ahmadu Bello take. Zaman awa ɗaya da shi ya fi mana amfani a kan duk yawon da muka yi a baya. Abu na farko da ya yi shi ne ya buɗe shafin hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a wayarsa, ya rubuta sunan cibiyar. Binciken kyauta ne, kowa zai iya yi. Ya nuna mini cewa lambar rajistar ta fara da BN ne, ba RC ba. Ya ce in RC ce, kamfani ne mai zaman kansa a idon doka, shi za a kai ƙara, kuma dukiyar kamfanin za a bi. Amma BN sunan kasuwanci ne kawai, mai shi da kasuwancin abu ɗaya ne, don haka mutumin za mu kai ƙara da sunansa, kuma dukiyarsa ta kansa tana cikin lissafi. Sannan ya ɗauki takardar gayyatar ya kai ta kusa da taga ya karanta mini layin ƙarshe, wanda sai an ƙanƙance ido ake gani: kayan aiki ga waɗanda suka cancanta ne, gwargwadon yadda hali ya samu. A rasit kuma an buga cewa kuɗin rajista ne, ba a mayarwa. Jikina ya yi sanyi. Ya ce kada na karaya, takardar gayyata ita kaɗai ba ta cika zama yarjejeniya ba, talla ce, amma abin da aka faɗa mana baki da baki kafin mu biya shi ne alkawarin da za mu tsaya a kai, in muna da shaida. Ya rubuta mana takardar neman biya, wa'adin kwana 14, muka ba shi naira 15,000 da muka yi karo-karo. Ya ce tunda mu duka Musulmi ne, da mu da wanda za mu kai ƙara, kotun shari'ar Musulunci za ta fi mana sauƙi, da Hausa ake magana kuma ba dole sai da lauya ba.

Wa'adin ya cika ba amsa. Muka tafi wata kotu a cikin birni saboda ta fi kusa da yawancinmu, muka zauna tun ƙarfe takwas har wajen sha ɗaya kafin rajistara ya saurare mu. Tambayarsa ta farko ita ce ina wanda ake ƙara yake zaune, ina kuma aka yi cinikin. Da muka ce Sabon Gari, ya ce to can za mu koma. Mu 'yan gari muna ɗaukar Zariya gari ɗaya, amma ƙaramar hukumar Zariya daban, ta Sabon Gari daban, kuma ana kai ƙara ne inda wanda ake ƙara yake ko inda abin ya faru. Yini guda da kuɗin keke suka tafi a haka. Washegari a kotun da ta dace, rajistara ya ce kowane mai ƙara sai ya zo da kansa ko ya ba da takardar wakilci, ba a yarda mutum ɗaya ya ce yana magana da yawun kowa ba. A nan muka ragu zuwa tara. Aka rubuta sunayenmu da adadin abin da kowa ke nema, muka biya kuɗin shigar da ƙara aka ba mu rasit na gwamnati. Ni abin da ya fita daga aljihuna a ranar, da kuɗin fotokwafi da kasona na kuɗin motar ma'aikacin da zai kai sammaci, ya kusa naira 6,000. Ku nemi rasit a kan duk abin da kuka biya a rajista, ku kuma tambayi kuɗin mene ne kafin ku miƙa.

Kai sammaci ma aiki ne. Sau biyu ma'aikacin kotu ya je ya tarar da ofis a kulle, a gida kuma aka ce ya yi tafiya. Kotu ba ta sauraron ƙara sai ta tabbata sammaci ya isa, don haka muka roƙi a ba da izinin liƙa shi a ƙofar gidansa tare da sanar da mai unguwa, aka amince. Aka sa ranar 3 ga Yuni. Muka yi sammako muka tarar da ƙofa a garƙame, ƙungiyoyin ƙwadago sun shiga yajin aikin gama-gari a kan mafi ƙarancin albashi. Sai da aka koma aiki muka je aka ba mu sabuwar rana, bayan babbar sallah.

Ranar zaman farko ba zan manta da ita ba. Ɗakin ƙarami ne, benci huɗu, fanka ba ta juyawa, aka fara da shari'o'in aure da na gado, tamu ba ta zo ba sai bayan azahar. Da aka kira mu na tashi na fara ba da labari tun daga ranar da na ga takardar, har da tunkiyar Inna. Alƙali ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, me kake nema a wurin wannan mutumin, nawa ne, kuma da wane dalili?" Na daburce. Na ce, "Allah gafarta Malam, ina neman naira 95,000 da na ba shi a kan alkawarin akwatin kayan aiki cikin mako takwas, ko ya mayar mini da kuɗina." Ya ce yanzu na yi da'awa, aka rubuta. Na ƙara da cewa ina neman naira 120,000 na hayar shagon da na kama a Kwangila saboda ina sa ran kayan, shi ma aka rubuta. Aka juya kan mutumin, wanda ya zo da lauya. Ya amsa cewa ya karɓi kuɗi daga bakwai a cikinmu, amma ya ce kuɗin horo ne, an kuma yi horon, bai taɓa yin alkawarin mayarwa ba. Biyun da suka biya hannu da hannu ba tare da rasit ba kuwa, cewa ya yi bai san da kuɗinsu ba sam. Alƙali ya ce hujja tana kan mai da'awa, rantsuwa kuma a kan wanda ya musa, ya ba mu mako uku mu kawo shaidu.

A nan muka yi wani kuskuren da lauyan nan na Kongo ya gyara mana tun kafin mu kunyata. Mun shirya mu riƙa yi wa juna shaida, ni na shaidi wane, wane ya shaide ni. Ya ce ba za a karɓa ba, domin wanda ke da amfani a cikin shari'a ba ya shaida a cikinta, kuma lauyan wancan ɓangaren zai soke mu nan take. Sai muka shiga neman waɗanda suka ji alkawarin amma ba su da ko kwabo a ciki. Muka samo mai hayar lasifikar da ya yi aiki a taron, bayan kwana huɗu ina sintiri a shagonsa yana cewa shi ba ya son shiga kotu. Muka kuma roƙi ladanin da ya ji amsawar da aka yi a zauren mai unguwa. Dattijon bai ja ba, cewa ya yi, "Ɗana, ɓoye shaida zunubi ne, ranar ku zo ku ɗauke ni." Waɗanda suka biya ta hannun masu POS su ma sun sha wuya, don sunan mai POS ne ya fito a wurin wanda ya tura kuɗin, ba nasu ba, sai da suka koma suka nemo shi da littafinsa. Ni da na tura daga asusuna, takardar bayanan asusu kawai na karɓo a banki da hatiminsu.

Zaman shaidu ya faɗo a makon da aka sa dokar hana fita ta awa 24 a Kaduna da Zariya, ranar 5 ga Agusta, bayan zanga-zangar tsadar rayuwa, aka sake ɗagewa. Da aka zauna a ƙarshen watan, mai lasifika ya faɗi abin da ya ji, ladan ya faɗi nasa, aka ba wanda ake ƙara dama ya soki shaidun bai samu abin kamawa ba. Aka kunna muryar da malamar Islamiyyar ta naɗa, ɗakin ya yi tsit, aka ji shi ƙarara yana cewa ba za a cire ko sisi ba. Lauyansa ya koma kan rasit, ya ce ai an rubuta kuɗin rajistar horo ne. Sai alƙali ya ce a miƙo masa takardar gayyatar. Ya sa tabarau ya karanta, ya tambayi mutumin ko shi ya buga ta, ya ce shi ne. Alƙali ya ce, to kai da hannunka ka rubuta horo kyauta ne, ta yaya yau kuɗin da ka karɓa zai zama na horo? Mutumin ya sunkuyar da kai. Takardar da ta jawo mu cikin wahala, wadda na kusa yagawa don haushi, ita ce ta rushe kariyarsa. Ba ta tabbatar mana da alkawarin akwati ba saboda ƙaramin rubutun nan, shaidu ne suka yi wannan, amma ta toshe masa hanyar cewa mun ci kuɗinmu a aji.

Saura mutum biyun da ba su da rasit. Ɗaya yana da shaida guda, ƙanin abokinsa da ya raka shi biya, aka ce ya cika da rantsuwa, domin a mazhabar Malikiyya ana karɓar shaida ɗaya da rantsuwar mai da'awa a sha'anin dukiya. Ɗayar kuwa, wata bazawara daga Muciya mai sayar da awara, ba ta da kowa. Alƙali ya ce wa wanda ake ƙara ya yi alwala ya rantse bai karɓi kuɗinta ba. Aka kawo buta, aka ajiye Alƙur'ani a kan tebur. Ya tsaya yana kallon butar, lauyansa yana yi masa magana ƙasa-ƙasa, can ya ce shi ba zai rantse ba. Aka mayar da rantsuwar kanta. Ta fita ta yi alwala, ta dawo hannunta na rawa, ta rantse, hawaye na zuba a kan hijabinta. Ni kaina sai da na share ido.

Kafin hukunci alƙali ya tambayi kowane ɓangare ko akwai sauran magana ko hujja, abin da suke kira i'izari, muka ce babu. A tsakiyar Satumba aka yanke cewa ya biya kowannenmu naira 95,000. Kuɗin hayar shagona kuwa aka ƙi. Alƙali ya yi bayanin cewa alkawari yana zama dole a kan mai shi idan shi ne ya sa ka shiga ɗawainiya a dalilinsa, kamar kuɗin da muka ajiye, amma shago ni na kama da ra'ayin kaina, babu shaidar cewa ya ce mini na kama. Ya yi mini ciwo, don kuɗin aro ne, amma na kasa samun abin da zan ce ba daidai ba ne a maganar. Da na sani da ban sa shi a cikin da'awar ba, don ya ci mana zama guda ana jayayya a kai.

Mun fita muna murna, ba mu san samun hukunci daban, karɓar kuɗi daban ba. Mutumin ya roƙi a raba masa biya uku, muka yarda bisa sharaɗin a rubuta a cikin kundin kotu kuma ta hannun rajista za a riƙa biya, ba a waje ba. Wannan karon mun koyi darasin zauren mai unguwa. Kashi na farko ya zo a kan lokaci, na biyu ya makara da mako uku, na uku shiru. Muka koma muka nemi a zartar da hukunci, muka sake biyan kuɗin takarda da na mota, ma'aikatan kotu suka je suka rubuta janareta da wasu farantan sola da ke gidansa, aka ba shi wa'adi kafin a yi gwanjonsu. Kwana biyu kafin wa'adin ya cika yayansa ya zo ya biya ragowar. A Janairun 2025 na karɓi kuɗina na ƙarshe, wata goma sha biyar bayan na tura su.

In na haɗa kuɗin keke, da fotokwafi, da karo-karon lauya, da abin da muka kashe wajen ɗauko shaidu da mayar da su, ni kaɗai na kashe sama da naira 30,000, ban da ranakun aikin da na rasa har maigidana ya fara gajiya da ni. Da tun a zauren mai unguwa mun sa an rubuta amsawarsa ya sa hannu a gaban dattawa, da ba mu sha wuyar neman shaidu ba. Da kuma mun fara da lauya kafin caji ofis, da ba mu rasa mutum biyar ba. Wanda duk aka gayyata irin wannan taro, ya ajiye takardar gayyatar ko da ta zame masa abin haushi, ya karanta ta har ƙasa, ya tura kuɗi daga asusunsa na kansa, ya kuma ce a rubuta alkawarin a bayan rasit kafin ya biya. In mai taron ya ƙi rubutawa, ya riƙe kuɗinsa ya koma gida.

Ranar da na kai wa Inna kuɗin, ta ƙirga ta mayar mini da rabi ta ce na sayi mitar awon wuta da na'urar huda bango na fara da su, sauran kuma ta ce ba za su sayi tunkiya kamar waccan ba a farashin yanzu, sai dai 'yar akuya. Daga cikin mutum 32 da ba su shiga ƙarar ba, shida sun neme ni tun daga lokacin. Na yi musu kwafin hukuncin da na takardar gayyatar, na kuma raka biyu daga cikinsu wurin rajistara a Sabon Gari.